Sabon malami, ga yanda za ka shirya wa intabiyu

To malam, in an kira ka intabiyun aikin koyarwa kuma ba ka taɓa riƙe aji naka na kanka ba, kar hankalinka ya tashi, ai sun duba takardunka sun san sabo ne kai. Abin da suke so su gane kawai shi ne in an bar ka da yara a aji me zai faru.

Don haka ka zauna ka tuno lokacin koyarwar gwaji, ka zaƙulo labari biyu ko uku na gaske, misali yaron da lissafin rabawa ya gagara da dabarar da ka yi har ya gane. Wannan shi ne jarinka, ya fi amsar da aka haddace daga intanet, wallahi tsohon malami daga jimlar farko yake gane hadda.

Tambayar da da wuya a tsallake ita ce ya za ka yi da aji mai surutu ko yaro mai taurin kai. Kar ka ce bulala, kar kuma ka ce "zan yi haƙuri da su" ka yi shiru, faɗa musu mataki-mataki, cewa tun ranar farko za ku kafa dokoki tare da yaran, mai surutu ka matsa kusa da shi kana ci gaba da darasi ko ka jefa masa tambaya, in bai daina ba ka canja masa wurin zama, ku keɓe bayan darasi ka ji matsalarsa don wani ba ya ganin allo ne, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan a kai ga iyaye da shugaban makaranta.

Za a iya cewa ka koyar na minti 10 a gabansu. Zaɓi ƙaramin batu mai manufa ɗaya, ka gwada a gida da agogon waya, kar ka riƙa magana kana fuskantar allo, kuma ka rufe da tambayar da za ta nuna an gane. Ka tafi da shirin darasin a rubuce.

In an ce me ya sa kake son koyarwa, don Allah kar ka ce rashin aiki ne. In sun ba ka damar tambaya ka ce yara nawa ne a aji, kuma wa zai riƙa duba aikinka a zangon farko.