Abin da za ka yi idan kamfanin haɗa motoci ya fara tangal-tangal

Shekara 19 na yi ina walda a wani kamfanin haɗa motoci, kuma ba takardar sallama ce ta fara gaya mini aiki ya ƙare ba. Kwantenonin kayan haɗi ne suka daina zuwa. Daga nan aka soke aikin dare, albashi ya koma sai goma ga wata, sai kuma hutun dole. In ka ga haka a wurinku, ɗan'uwa, fara ɗaure kaya. Mun ga irinsa a ƙasar nan. A shekarun 1970 aka kafa Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan. Da gwamnati ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 naira ta faɗi, kayan haɗin da ake sayowa daga waje suka yi tsada, tokumbo kuma ta mamaye kasuwa.

Fara da takardu, tun ana buɗe ofis: takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, takardun albashi na wata-wata, da lambar asusun fansho. Ɗauki hotonsu a waya, ka aje na ainihin a gida cikin leda. Ni na yi sakaci. Ran da na je neman fayil ɗina na tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi na zaune a kan benci yana jin rediyo, ya ce, "Malam, ai nima wata uku ke nan ba a ba ni ko sisi ba."

Sannan ka je wurin masu kula da fanshonka, su buga maka bayanin asusu. Abin da aka cire daga albashinka daban, abin da ya isa asusun daban. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki damar cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗinsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba. Kar kuma ka sa hannu a takardar sallama kai kaɗai a lungu; bari ƙungiyar ƙwadago ta karanta. In an naɗa wanda zai sayar da kadarorin kamfani, kai masa lissafin bashinka a rubuce, domin haƙƙin ma'aikata na cikin abin da doka ta sa a gaba. In abin ya cije, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa.

Kuɗin sallama kuwa, nan ne maza suka faɗi. Wani abokina ya ƙara aure, wani ya sayi motar haya bai san kan hanya ba, yaran mota suka cinye shi da rai. Ni buhunan masara na fara saya, na biya kuɗin makarantar yara na shekara, sauran na sayi injin walda da janareta. Da can in na ga masu rumfa a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, sai in ɗan ɗaga hanci, yau su ne iyayen gidana. Nemi takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, tana da amfani wurin neman kwangila. Kar ka zauna jiran albashi irin na da. Ko a Ingila, da kamfanin motoci na MG Rover ya rushe a 2005 mutum wajen 6,000 suka rasa aiki a masana'antarsa ta Longbridge, yawancin waɗanda suka samu wani aikin da ƙaramin albashi suka koma.

Akwai wata baiwar Allah mai tuwo a bakin get, tana da littafin bashi, sai ƙarshen wata muke biya. Da aka rufe, kowa ya watse da kuɗinta a kansa. Sai bayan shekara biyu na gano gidanta na kai nawa. Ta ɗauko littafin, duk ya sha manja, ta ja layi a kan sunana, ta ce ni ne na huɗu.