Yadda Ake Zaɓen Hoto Mafi Kyau Daga Cikin Hotuna Masu Kama da Juna

Mai ɗaukar hoto kan danna kyamara sau da yawa a kan abu ɗaya, daga baya ya rasa wanda zai ajiye da wanda zai goge. Abubuwa biyu ne ke raba gardama a nan, wato kaifin hoton da daidaiton haskensa. Ya kamata a fara da kaifin, domin hoton da ya ɗan yi duhu yana gyaruwa, amma wanda ya yi dishi-dishi babu manhajar da za ta dawo masa da abin da kyamara ba ta kama ba tun farko.

Da farko, kada a yanke hukunci a kan ƙaramin allon bayan kyamara, saboda a wannan girman kusan kowane hoto kan fito tar. A kwashe hotunan zuwa kwamfuta, a jera biyu gefe da gefe, sannan a zuƙo su duka zuwa kashi 100 cikin 100, inda kowane ɗigon hoton ke daidai da ɗigo ɗaya na allo. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, danna harafin C ne ke jera su haka. Idan hoton mutum ne, a duba idon da ya fi kusa da kyamara, a ga ko gashin idon ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Dishi-dishi iri biyu ne, kuma yana da kyau a bambance su. Idan ido ya dushe amma kunne ko kafaɗa sun fito sarai, saitin kaifin kyamara, wato focus, shi ne ya sauka inda bai dace ba, abin da ya fi faruwa idan an buɗe idon kyamarar sosai, kamar f/1.8. Idan kuwa komai ya ja zuwa gefe guda har gefunan abubuwa suka ninku, hannu ne ya girgiza. Bayanan da kyamara ke adanawa cikin kowane hoto suna nuna saurin ɗauka. Da gilashin kyamara (lens) mai 50mm, duk ɗaukar da ta daɗe fiye da 1/50 na daƙiƙa a hannu abar zargi ce.

Bayan an ware masu kaifi, sai a koma kan haske, kuma a nan ido kaɗai bai isa ba, tunda hasken allon kansa yana ruɗar mutum. A buɗe jadawalin haske da ake kira histogiram. Hagunsa baƙi ne, damansa fari, kuma a hoton JPEG ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 255. Idan zanen ya taru ya manne da bangon dama, wani sashe ya ƙone ya zama fari fat, kamar goshi ko gajimare, kuma abin da ke wurin ya ɓace. A ganina wannan ya fi duhu illa, domin ana iya ɗaga inuwa, musamman a hoton RAW mai ɗauke da bayanai fiye da JPEG, ko da yake ɗaga ta da yawa yana fito da ɗige-ɗige. Ba dole ba ne zanen ya tsaya a tsakiya, tunda hoton dare dama hagu yake karkata.

Idan hotuna biyu sun yi kunnen doki, a duba lambar ISO ta kowannensu, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, a zuƙo wuraren inuwa, a ɗauki wanda ɗige-ɗigensa suka fi ƙaranci.