Kurakuran da Muke Yi da Igama a Saudiyya

Ɗan'uwa, lambar nan mai alƙaluma 10 da ke kan igamarka, wato katin izinin zamanka a Saudiyya, wadda ta fara da 2 (ta 'yan ƙasa da 1 take farawa), da ita aka ɗaure layin wayarka, asusun bankinka da fayil ɗinka na asibiti. Amma a Makka da Jidda rabonta muke yi kamar goron suna.

Wanda ya fi cin mutane shi ne damfara ta Nafath, manhajar gwamnati da ake tabbatar da shaidar mutum da ita a waya. Kira zai shigo, wani mai Larabci tsaf ya ce daga banki yake ko Jawazat (hukumar fasfo da igama), ya karanto sunanka da lambar igamarka daidai, sannan ya ce ka buɗe Nafath ka danna lambar da zai faɗa. Sai hankalinka ya kwanta, wai ai ya san ka. To ina ya samo? Wataƙila daga hoton igamar da ka taɓa turawa wani dillalin aiki a WhatsApp. Dannawar nan sa hannu ce, da ita zai shiga inda kai kaɗai ya kamata ka shiga. In dai ba kai ka fara buɗe wani shafi da hannunka ba, ka ƙi amincewa, ka katse kiran, ka nemi bankin ta lambar da ke bayan katin bankinka.

Sai kunya. Baƙo ya zo daga gida, ya ce Alhaji a yankar mini layi da sunanka. A 2016 aka kafa dokar dangwala yatsa kafin a yanki layi, don haka duk ɓarnar da aka yi da shi ƙofarka za a ƙwanƙwasa, ko da mutumin ya daɗe da komawa Kano. Ka shiga hidimar Argami ta hukumar sadarwa ka ga layukan da ke kan sunanka, ka sa a rufe wanda ba ka sani ba.

Masu shagon cike takardu kuwa, in ka ba su lambar sirrin Absher (shafin hidimomin ma'aikatar cikin gida), ka canza ta kafin ka kai gida. Kada kuma ka jinginar da katin igamar saboda bashi.

Wasu na dogara da katin hannu su san ranar ƙarewar igama, alhali sabuntawar a kwamfuta ake yin ta. Absher za ka duba, ka tuna wa kafil, wato wanda ya tsaya maka, da wuri, don jinkirin farko tarar riyal 500 ne, na biyu 1,000.