Yadda ake liƙa filasta mai talewa a gwiwa

Mai kallon ƙwallo ya saba ganin wani ƙyalle mai launi manne a kafaɗa ko gwiwar ɗan wasa. Kenzo Kase, mai gyaran gaɓoɓi ɗan ƙasar Japan, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970, ƙyallen kuma ya yi tashe bayan gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Wannan filasta auduga ce mai gam a baya, faɗinta santimita 5, tana talewa ta tsawo kawai. Amfaninta ɗan sassauta ciwo ne na wani lokaci. Ba ta ɗora karaya, ba ta kuma maye gurbin masu gashin ƙashi a asibiti.

Fara da fata, don a nan aikin yake lalacewa. Wanke gwiwar da sabulu, ka bari ta bushe ƙarau. Wanda ya lafta basilin da safe, musamman a hunturu, ko la'asar filastar ba za ta kai ba. In akwai gashi da yawa, rage shi da almakashi.

Yanki guda biyu, kowace kamar taƙi ɗaya, ka datse kusurwoyinsu su yi da'ira don kada wando ya riƙa ɓanɓaro su. Zauna a kujera, ka lanƙwasa gwiwa. Yage takardar baya daga baki ɗaya, ka manna santimita 5 na farko a ƙasan ƙoƙon gwiwa ba tare da ja ba. Daga nan ja kaɗan, kamar kwatan iyakar talewarta, ka bi gefen ƙoƙon har kan cinya, sama da gwiwa kaɗan, sannan ka kwantar da ɗaya bakin shi ma babu ja. Ta biyun ta bi ɗaya gefen. Kada ka tamke ta kamar mai ɗaure kaya a babur. Yawan ja shi ke sa fata ta yi bororo.

Goga ta sosai da tafin hannu, ɗumi ne ke sa gam ɗin ya kama. Jira kamar awa ɗaya kafin ka shiga fili ko wanka. Takan yi kwana 3 zuwa 5, gumi dai yakan rage mata kwana.

Wajen cirewa, jiƙa ta da man gyaɗa, ka ɓare a hankali ta inda gashi ya kwanta. In ta fara ƙaiƙayi ko zafi, cire ta nan take. Ba a sa ta kan gyambo ko ƙuraje. Mai ciwon suga, da wanda ƙafarsa ta kumbura tana zafi, su fara ganin likita tukuna.