Darasi na Tara: Ɗaukar Hoton Faifan Kwamfuta da Mayar da Shi

Wannan darasi na waɗanda suka riga suka iya kunna kwamfuta da buɗe fayil da kwafe shi zuwa filas ne, musamman waɗanda abincinsu ko amanar jama'a take cikin kwamfutar, kamar masu shagon buga takardu a Birnin Kebbi, da sakatarorin ƙungiyoyin manoman shinkafa a Argungu da Suru, da ma'ajin dillalan albasa a Aliero, da malaman da suke riƙe da rajistar ɗalibai a makarantun Islamiyya.

Shekarun baya ina da ɗan shagon buga takardu a kusa da kasuwa. A cikin zafin watan Afrilu kwamfutar ta fara wani sauti daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar gara tana cin azara, ni kuwa na yi biris da shi domin aiki yana tafiya. Wata safiya na kunna ta, allon ya tsaya baƙi ƙirin da ɗan rubutu layi guda a sama, mai gyara ya duba ya ce faifan ajiya ya mutu. Ban yi asarar takardun jama'a ba, domin na saba kwafe su a filas duk yamma. Amma kwana huɗu na yi shagon yana rufe, ina ɗora Windows daga farko, ina neman manhajar firinta, ina sake saita allon rubutu domin ya fitar da ƙ da ɗ da ɓ, ina bin abokan sana'a su ba ni salon rubutun Larabci da nake buga katin ɗaurin aure da shi. A ranakun nan huɗu na gane cewa takardu kaɗai na adana, ita kanta kwamfutar ban adana ta ba.

Mene ne hoton faifai?

A cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya, kuma a kansa komai yake zaune: Windows, da manhajojin da aka ɗora, da saituna, da takardu da hotuna. Akwai kuma wasu ƙananan ɓangarori a ɓoye waɗanda ba ka ganinsu idan ka buɗe kwamfuta, alhali su ne suke tayar da ita duk lokacin da aka danna makunni. Wanda ya kwafe fayil zuwa filas kamar wanda ya kwashe hatsi daga rumbu ne ya zuba a buhu, hatsin ya tsira amma idan rumbun ya rushe sai an sake kwaɓa ƙasa. Ɗaukar hoton faifai kuwa shi ne a kwafe rumbun da gindinsa da jinkarsa da hatsin da yake ciki, yadda idan ya rushe za a tsayar da irinsa sak a yini guda. Kalmar hoto a nan ba ta nufin abin da kamara take ɗauka. Babban kwafi ne na faifan gaba ɗaya, wanda wata manhaja ta musamman take matse shi ta ajiye a wani faifan dabam.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1995 aka ƙirƙiri manhajar Ghost a ƙasar New Zilan, kamfanin Symantec na Amurka ya saye ta a 1998, kuma ta daɗe tana tashe kafin a daina sayar da Norton Ghost a 2013. Macrium Reflect ta Ingila tana da kyau da sauƙi, sai dai kamfanin ya janye nau'inta na kyauta a farkon 2024. Shi kansa Windows 10 da 11 yana ɗauke da tsohon tsarin ɗaukar hoto da ya gada daga Windows 7. A wannan aji za mu yi aiki da Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan, kuma kyauta ce ga kowa. Fuskarta ba ta da ado, rubutu ne zalla na Turanci, da kibiyoyin allon rubutu ake tafiyar da ita. Wanda wannan ya yi wa nauyi sai ya nemi Rescuezilla, ita ma kyauta ce, tana da hotuna da maɓallan da ake dannawa da linzami, kuma tana karanta hoton da Clonezilla ta ɗauka. Abin da ba na so ga ɗalibaina shi ne manhajar kuɗi da aka fasa kullenta ake rabawa a kasuwa, domin sau da yawa da cutar kwamfuta take zuwa, kuma ba hikima ba ce a ba ɓarawo ajiya.

Kayan aiki da lokacin da ya dace

Ana bukatar abubuwa biyu. Na farko filas ne ƙarami, mai gigabait 4 ya wadatar, wanda za a ɗora Clonezilla a kansa da taimakon wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. A lura cewa Rufus tana goge duk abin da yake cikin filas ɗin, saboda haka a kwashe abin da yake ciki tukuna. Na biyu faifan waje ne, wato akwatin ajiya da ake jona shi da waya a jikin kwamfuta, kuma a nan hoton zai zauna. Clonezilla wurin da aka rubuta wani abu kawai take kwafewa, ba ta ɗaukar fili, don haka idan faifan kwamfutarka mai gigabait 500 ne amma 120 kawai ka cika, hoton ba zai wuce 120 ba, galibi ma ya kan gaza haka saboda matsewa. Hotunan kamara da bidiyo ne ba sa matsuwa sosai. Faifan waje mai terabait 1, wato gigabait 1000, zai ɗauki hotuna da dama na irin wannan kwamfuta.

Batun lokaci shi ne zuciyar darasin, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Hoto yana ɗaukar kwamfuta ne a halin da take ciki, idan lafiyarta ƙalau ya ɗauke ta da lafiyarta, idan kuwa cuta ta shige ta, to da cutar zai ɗauke ta, ranar da aka mayar da shi kuma cutar ta dawo. Saboda haka ranar da ta fi dacewa ita ce ranar da mai gyara ya gama ɗora komai, firinta tana bugawa, kowace manhaja tana buɗewa ba gardama. Mafi yawan mutane ba sa tunawa da ajiya sai kwamfuta ta fara tsayawa tana ƙara, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Faifan da ya fara lalacewa yana iya ƙarasa mutuwa a tsakiyar aikin, domin karanta shi daga farko zuwa ƙarshe wahala ce babba a gare shi. Idan har ya fara ƙara, takardu masu muhimmanci za a fara kwashewa, sauran kuma a bar wa mai gyara.

Sai kuma wuta. Aikin yana iya cin sa'a guda ko fiye, gwargwadon yawan kaya da saurin mahaɗi. Tsohon mahaɗin USB 2.0 yana kwashe kimanin megabait 30 a daƙiƙa, wato gigabait 120 zai ci sama da sa'a guda, shi kuwa USB 3.0, wanda galibi ake gane shi da shuɗin harshe a cikin ramin, ya ninka shi sauri. Kada a fara sai batirin laftof ya cika kuma tana jone da caja, idan kuwa kwamfutar tebur ce a tabbatar akwai mai a janareta ko batirin sola yana da ƙarfi. A bazara a zaɓi safiya kafin rana ta take, a kuma ɗaga laftof daga kan katifa ko darduma domin iska ta shiga ƙarƙashinta.

Yadda ake ɗaukar hoton

A kashe kwamfutar kashewa ta sosai, wato a riƙe maɓallin Shift a lokacin da ake danna umarnin kashewa, domin Windows ya kan yi ɗan gyangyaɗi ne kawai idan ba a yi haka ba. A soka filas ɗin Clonezilla, a kunna, nan take a riƙa danna maɓallin da yake fito da jerin wuraren tashi. A kwamfutocin HP galibi F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12. A zaɓi filas daga jerin. Dalilin wannan zagaye shi ne a tayar da kwamfutar daga waje, faifan cikinta yana kwance ba ya aiki, kamar yadda tela ba ya auna mutum yana tafiya.

Bayan tambayoyin harshe da allon rubutu, a zaɓi "device-image", sannan "local_dev", a nan ne za ta ce a jona faifan waje. Za ta tambayi inda za a ajiye hoton, a nuna mata faifan wajen. A zaɓi matakin masu koyo, wato "Beginner", sannan "savedisk", wanda yake nufin a adana faifai gaba ɗaya. A ba hoton suna mai kwanan wata, misali shago-2025-03-10, domin wata shida nan gaba ba wanda zai tuna wanne ne sabo.

Clonezilla ba ta kiran faifai da C ko D kamar yadda aka saba gani a Windows. Sunayenta su ne sda da sdb, ko nvme0n1 a sababbin kwamfutoci, kuma jerin yana iya sauyawa daga rana zuwa rana. Kada a dogara da harafin. A karanta girman faifan da sunan kamfanin da yake rubuce a gefensa, a kwatanta da abin da aka riga aka rubuta a takarda kafin a fara. Idan ta tambaya ko a duba hoton bayan an gama, a amsa da e, ko da zai ƙara lokaci.

Wasu sababbin kwamfutoci suna zuwa da kullen BitLocker, wanda yake rikita abin da yake kan faifai yadda baƙo ba zai iya karantawa ba. Mai irin wannan kwamfuta ya nemo lambar buɗe kullen, mai alƙaluma 48, ya rubuta ta a takarda ya adana tare da takardun gida, domin kwamfutar tana iya neman lambar bayan an mayar da hoto.

Yadda ake mayar da shi

Hanyar ɗaya ce har zuwa wurin zaɓi, sai dai a wannan karon "restoredisk" za a ɗauka, a nuna hoton, a nuna faifan da za a zuba shi. Nan ne wurin haɗari. Mayar da hoto yana shafe duk abin da yake kan faifan da aka nuna, ba ya barin ko fayil guda, shi ya sa manhajar take tambaya har sau biyu kafin ta fara. Na taɓa gaggawar danna harafin y, wato e, ina hira da mai jiran aiki, sai a tambaya ta biyu idona ya faɗa kan girman faifan, na ga ashe wani faifan ajiyar takardu na nuna mata. Tun daga ranar nake cire duk wani faifai da filas da ba ruwansa da aikin, kuma ba na amsa gaisuwa sai na wuce wannan mataki.

Sabon faifan dole ne ya kai girman tsohon ko ya fi shi. Hoton faifai mai gigabait 500 ba ya shiga mai 256 ta hanyar da muka koya, ko da kayan da suke ciki kaɗan ne, kuma masu sauya tsohon faifai da SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, sukan yi tuntuɓe a nan. Haka nan hoton kwamfuta ɗaya ba lallai ya tashi a wata mai ƙira dabam ba.

Hoto kuma yana mayar da kwamfuta ne zuwa ranar da aka ɗauke shi. Sakataren da ya ɗauki hoto a watan Yuni, ya shigar da sunayen waɗanda suka karɓi taki a Yuli da Agusta, idan ya mayar da hoton a Satumba ba zai ga waɗannan sunaye ba. Don haka kwafe takardu kullum yana nan daram, hoton kuma a sabunta shi duk wata biyu ko uku, ko duk lokacin da aka ɗora sabuwar manhaja, ba tare da goge na farko mai lafiya ba.

Wani dattijo a ajinmu ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, to idan ɓarawo ya fasa shagon ya haɗa da kwamfutar da akwatin ajiyar fa?" Na ce masa, "Baba, tambayarka ita ce ƙa'idar da masana suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam." Ya ce ai manomi ma ba ya tara irinsa a rumbu guda. Faifan waje ya kwana a gida idan kwamfuta tana shago, a nannaɗe shi a leda saboda ƙurar hunturu, a nisanta shi da rana da damshin damina, kada kuma ya faɗi ƙasa. Kada a bar shi jone da kwamfuta kullum, domin cutar nan mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta addabi duniya a watan Mayun 2017, tana iya bin waya ta kulle abin da yake jone. A tuna kuma cewa duk sirrin da yake cikin kwamfutar yana cikin hoton, don haka ba abin ba da aro ba ne.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya buɗe kwamfutarsa ya rubuta a littafinsa girman faifanta da adadin da aka cika, ya gano maɓallin da yake fito da jerin wuraren tashi, ya kuma duba ko tana da kullen BitLocker. Wanda yake da filas da ba ya amfani da shi ya zo da shi. Za mu ɗauki hoton tsohuwar kwamfutar aji, mu cire faifanta mu sa wani, sannan kowa ya mayar da hoton da hannunsa har sai ta tashi ta buga takarda.