Yadda ake shafa wa kabad ɗin cikin mota banish

Masu mayar da bas ɗakin kwana suna ta tambayata abin da zai jure zafin Gusau da jijjigar hanya. Ni dai banish (ruwan da ake shafa wa katako don ya kare shi, ya yi sheƙi) mai mai nake zaɓa, domin fomeka, wato fallen da ake manna wa katako da gam, kan ɗago a gefe idan gam ya sha rana.

1. Goge katakon da samfefa lamba 180 (lambar na nuna kaushin samfefar).
2. Share ƙurar da ƙyalle.
3. Shafa zubin farko, siriri.
4. Bar shi ya kwana. Hattara: rufe shi daga ƙurar hunturu, in ba haka ba zai yi kaushi.
5. Sake gogewa kaɗan da samfefa lamba 320, wadda ta fi laushi.
6. Ƙara zubi 2, har gefuna, nan ruwa ke shiga.
7. Buɗe ƙofofin motar har warin ya fita.