Yadda Za Ka Hana Excel Mayar Maka Da Lamba Kwanan Wata

Da zarar ka rubuta 3-4 ko 1/2 a Excel, sai ya ɗauka kwanan wata kake nufi, ya canza maka shi. Matsalar ba ta tsaya a abin da ido ke gani ba. Excel yana lissafin kwanaki ne daga 1 ga Janairu 1900, don haka abin da ka rubuta ya riga ya koma wata lamba mai tsawo. Shi ya sa gyara daga baya ba ya dawo da shi, sai dai ka sake rubutawa.

Maganin shi ne ka riga shi. Kafin ka shigar da komai, zaɓi dukan layin tsaye (column) da za ka yi rubutun a ciki, danna Ctrl+1, ka zaɓi Text, sannan OK. A Google Sheets kuwa, bi Format, Number, Plain text.

Idan gurbi ɗaya ne kawai, fara da alamar ' kamar haka: '3-4. Alamar ba za ta fito ba. In rabi kake nufi don lissafi, rubuta sifili, ka bar tazara, sannan 1/2.

Fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin bayanai da sunansa ke ƙarewa da .csv, ya fi cin mutane. Kada ka buɗe shi da dannawa sau biyu, domin kafin ka ankara ya ɓata. Shigo da shi ta Data, From Text/CSV, Transform Data, ka mayar da layin Text.

Sai dai SUM, wato umarnin da ke haɗa jimillar lambobi, ba ya tara abin da aka mayar Text, saboda haka kada ka taɓa layin kuɗi ko na adadi.